Birkin da Ya Ɗaga Kai a Hanyar Timia

Agadez

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, muka bar unguwa ni da Gwaggo Tabawa, za mu Timia sunan jikarta. Motar yayana ce, tsohuwar kat-kat, irin mai shiga daji. Jiya-jiya ya gyara mata birki da hannunsa, shi da sana'arsa ɗinki. Ina zama na ga abin taka birkin ya ɗago sama, sai na kai gwiwa kusa da ƙirji kafin in same shi.

"Haka ake tuƙi yanzu?" in ji Gwaggo. "Kamar mai hawan katanga?"

A shingen fita gari jandarma ya duba takardu, ya zagaya baya ya dawo. "Malam, fitilar birkinka ba ta mutuwa. Tafiya kake ko tsayuwa?" Na ce tafiya. Ya ce Allah ya kiyaye.

Elmeki

Tun kafin kilomita ɗari mota ta fara nauyi, kamar ana riƙe ta ta baya. Sai ƙauri. Gwaggo ta buɗe kwanon soyayyen namanta ta sunsuna, ta ce ba daga nan ba ne. Na tsaya na kai hannu kusa da ƙafar motar ta gaba, zafi ya kore ni. Ga gangaren duwatsu na gabanmu, kuma suna gobe da safe ne.

Muka lallaɓa zuwa Elmeki ƙarfe goma sha ɗaya. A rumfar shayi muka tarar da wani dattijo, Akoli, tsohon direban manyan motoci. Da ya ji matsalar, sai ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, da rawaninsa da komai.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Yayana, Baba."

"Ya ɗaure shi ba wajen numfashi. Tun Agadez motarka take taka wa kanta birki."

Ya sassauta wani ɗan noti, ya murɗa sandar da ke bayan matakin birkin sau uku, ya danna da yatsa har ya ji ɗan sako-sako, ya ɗaure. Ya gyara maɓallin fitilar. Aikin bai kai tafasar shayi ba. Gwaggo ta tura masa kwanon nama, ya ci har da ƙari.

Timia

Mun sauka gangaren lafiya, Gwaggo na salati tun daga sama har ƙasa. La'asar sakaliya muka shiga cikin lambuna. Washegari aka raɗa wa jaririya suna Fatima, muka kwana biyu, aka cika mana bayan mota da lemo da rumman.

Gida

Ranar Alhamis da azahar muka iso Agadez. Na gode wa Allah, na gode wa Baba Akoli da mutanen Timia. Gwaggo ta sauko tana dafa ƙugu, ta dubi yayana da ya fito tarbarmu da almakashi a hannu.

"Sannu, injiniya," ta ce. "Baɗi raƙumi zan hau. Shi kalma ɗaya ake faɗa masa ya durƙusa."