Kayen Da Na Ara Wa Yayana

A ƙarshen shekarun casa'in ina aji uku a kwaleji a Madawa, yarinya ce ni da ba ta iya haɗa ido da manya. Kallo kawai na iya. Nakan gane ranar da malami ya sake maɓallin rigarsa, amma in ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Lokacin hutu gwaggona kan tafi da ni biron wani furoje, wato ofishin wani shirin agaji, inda take sakatariya, in riƙa karanta mata sunayen yaran da aka auna tana bugawa a ordinater, wato kwamfuta.

A nan na ga abin da ke ba ta wahala. Fuskar ordinater ɗin tana neman sunan yanka da ranar haihuwa, in ba a cike ba ta ƙi wucewa gaba. Matan ƙauyukan Azarori kuwa sai su ce an haifi yaro bayan girbin dawa, kuma ko za a yanka uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Sai na fara zana tawa fuskar a cikin kaye, littafin rubutuna na makaranta: gurbin laƙabi a sama, sunan yanka a ƙasa tare da wanda ya faɗe shi, shekara kuma ko ta kintace ce ta wuce.

Yayana ya dawo daga Yamai da takardar koyon buga rubutu, ya yi shekara ba aiki. Da furojen ya ce yana neman wanda ya taɓa tsara fuskar ordinater, sai ya karɓi kayena, ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Da hannuna na liƙa takarda a kan sunana da ke bango. Kuskurena na farko ke nan.

Ranar tambayoyi ya ɗauke ni a moto, wato babur, na aro don in yi masa bita a hanya, ya bar ni gindin dogon yaro. Tagar biron a buɗe take, ina jin komai. Wata madam da ta zo daga Yamai ta tambaye shi a ina ya yi wannan aiki, ya lissafa mata wurare. Ta tambaye shi dalilin sa laƙabi a sama, ya ce don ya fi kyan gani. Sai na ga ta ɗaga bangon kayen saitin rana, tana karanta sunan da ke ƙarƙashin takardar. Ba a jima ba mai gadi ya zo ya ce ana kirana. Ta yi mini tambayar nan, idona na kan lallen ƙafarta, na ji bakina yana ba da amsa. Da ta ce wa ya zana, na yi shiru. Ta miƙo mini alli, hannuna ya tona abin da bakina ya rufe. Wasu maza biyu da ke tare da ita suka yi dariya.

A hanyar gida yayana ya sauka daga kwalta ya shiga kwari bayan lambunan albasa. Ya tsaya, ya cire santir, wato bel ɗin ƙugunsa. Da gefen ƙarfen ya fara, a baya, a cinya, a wuya. Na faɗi, ya taka hannuna na dama har na ji yatsa ya yi ƙara. Ya ɗago ni da kitsona, ya mare ni a kunnen hagu sau uku, duniya ta koma kamar ina cikin randa. Ya yayyage kayen, ya cusa mini takardun a baki, yana cewa tunda yau kurma ta yi baki, to ta ci iliminta. Ina tuna ɗanɗanon tawada da jini, da tururuwa da ke hawa takalminsa. Wani mai lambu ne ya rugo da hauya, ya ce in ya ƙara ko ɗaya zai sare shi.

A gida na ce daga moto na faɗo. Wannan ne kuskuren da ya fi. Inna ta ga shatin ƙarfen santir, ta gasa mini jiki da ruwan zafi, ba ta tambaya ba. Kunnen ya yi sati biyu yana ruwa kafin a kai ni asibiti, likita ya ce an makara. Madam ta aiko ta bakin gwaggo cewa in zo hutu mai zuwa a koya mini aikin, na ce ba na so. Yayana ya tafi ci-rani, bai taɓa neman gafarata ba.

Yau na gane wanda ka taya ƙarya, kai zai fara duka ranar da ta tonu. Ƙannena mata, kada ku rufe sunanku a kan aikinku don kowa, kuma in an dake ku ku faɗi wanda ya yi tun rauni yana ɗanye. Ni na rufa masa asiri, shi ya sa har yau in ɗiyata za ta yi mini raɗa sai ta zagayo ta dama.