Na Je Erdington Kwasar Faifan Gem

Mun tashi da asuba daga Rusholme, ni da ƙanin matata mai tuƙa motar kaya. Ana yayyafi, Wilmslow Road babu kowa sai bas ɗin farko da masu kwashe shara a ƙofar gidajen abinci. Birmingham muka nufa. Ga wanda bai san sana'ata ba, shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da na'urorin wasan gem na hannu da fayafayansu a wani ɗan shago nan Manchester. Abin da bai shiga a nan ba nakan tara shi in aika Kano da Kaduna, wurin masu gidajen gem da suke kunna wa matasa da janareto.

Abin da ya tada tafiyar shi ne, kamfanin da ke ƙera na'urar da na fi sayarwa ya sauya shugaba. Tsohon ya daɗe, masu wasa sun saba da shi, suna ganin nasu ne. Sabon kuwa daga wani sashe na kamfanin aka ɗauko shi, kuma mutane suka ce bai san daɗin riƙe abin wasa a hannu ba. Kafin sati ya zagayo jita-jita ta cika waya cewa za a daina yin faifai, komai sai ta intanet, kana biya wata-wata. Ni dai har yau ban san gaskiyar maganar ba. Kasuwa kuwa ba ta jira an tabbatar ba. Masu kawo kaya suka fi masu saye yawa. Har wani likita ɗan Zariya, wanda ya daɗe yana ciniki da ni, ya dire mini jaka biyu ya ce, "Alhaji, karɓi duka, na gama da su."

Ana cikin haka wani abokin sana'a ya bugo mini daga Erdington, wata unguwa a Birmingham. Mutumin Jos ne, Kirista, ya girme ni da kusan shekara goma, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya a ciniki ba. Ya ce hayar shagonsa za ta ƙare ƙarshen wata, ba zai sabunta ba, yana neman wanda zai kwashe kayan gaba ɗaya. Duk 'yan kasuwar Birmingham sun ƙi. Ni kaɗai na rage masa, saboda ni ne mai hanyar aikawa gida. Na ce masa ina zuwa da mota.

Hanyar M6 yadda kuka santa take, gyara ba ya ƙarewa, an jera robobi masu ruwan lemo mil bayan mil ba ka ganin ma'aikaci ko ɗaya. Mun tsaya shan shayi kusa da Stafford, kofi ɗaya kusan fam huɗu, ruwan zafi da ganye a jaka. Direbana, wanda yake wasa da na'urar kamfanin da ke gasa da wannan, tun daga Manchester yake mini dariya wai jirginmu ya nutse. Na ce masa ya ci gaba, shi ma wani ne yake zaune a ofis yana yanke masa hukunci. Ya mayar da hankali kan tuƙi har muka wuce Walsall.

Ƙarfe tara da 'yan mintuna muka shiga babban titin Erdington. Shagunan kayan gwanjo, shagunan caca, masu gyaran waya, da ƙofofi da dama a rufe an manna takardar neman mai haya. Shagon mutumina yana tsakanin mai aski da mai sayar da kifi. Ya tarbe mu da fara'a, ya riga ya ɗaure kwalaye ya jera su har rufi, kowanne da rubutu a jiki. Matarsa ta aiko mana da gwate a kula, da zafinsa. Rabona da gwate irin wannan tun ina zuwa Filato sayen dankali.

Muna ci masu wasa suna shigowa. Wani Bature mai zanen tambarin kamfanin a damtsensa ya tsaya yana zagin sabon shugaban kamar wanda ya ci masa gado, ya ce shekara ashirin yana tara faifai, yanzu an mayar da shi ɗan haya. Wani ɗan Pakistan ya ce masa ya bari mutum ya zauna a kujerar tukuna. Suka yi ta musu, babu wanda ya sayi ko da batir. Wata mata ta shigo da jakar faifan 'ya'yanta za ta sayar, mai shagon ya ba ta haƙuri, ta fita tana ƙunƙuni.

Da muka wanke hannu na ce a kawo na'ura ɗaya a haɗa da talabijin. Ina da al'ada a wannan sana'a: duk kayan da za su tafi gida, sai na zare wayar intanet kafin in gwada. Mai gidan gem a Kurna ko Rigasa ba shi da intanet da zai ɗauki wasa guda, abin da yake da shi man janareto ne da matasa a layi. Mutumina ya ga na sunkuya na zare wayar, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, me wayar ta yi maka?"

Na fara da tsohon faifan ƙwallo, ya tashi nan take. Na sa na tsere, shi ma ya tashi. Sai na buɗe kwalin sababbi. Na farko ya juya, ya juya, ya rubuto cewa sai an haɗa da intanet an sauke sauran wasan. Na biyu haka. Na bakwai haka. Faifan yana sheƙi, kwalinsa da hoto mai kyau, amma abin da ke ciki bai wuce mabuɗi ba, wasan kansa yana can wurin kamfanin. Na bi kwalaye ina zaro ɗaya daga nan ɗaya daga can har kusan azahar. Tun yana tsaye a kaina har ya jawo kujera ya zauna.

Ba ɓoye mini ya yi ba. Ya san suna sauke wani abu, kowa ya sani, amma a shagonsa intanet ba ya ɗaukewa, don haka bai taɓa tsayawa ya ga yadda faifan yake shi kaɗai ba. Abin da ya fi ciwo, a 'yan shekarun nan ya karyar da yawancin tsofaffin kayansa a arha ya cika kanta da sababbi, domin su mutanen Birmingham suke nema. Tsofaffin nan su ne za su yi aiki a gida.

Na ware abin da ya tashi, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ya dubi sauran ya ce, "Alhaji, ka yi musu kuɗi ko nawa ne."

Na ce, "Oga, in na aika wa mutum faifan da ba ya tashi, ba zai sake ɗaga wayata ba."

"To ka ɗauka kyauta. Ka rage mini su kawai."

Na ce masa jirgi nauyi yake aunawa, bai san kyauta ba. Ya gyaɗa kai, domin shi ma ɗan kasuwa ne. Na biya shi kuɗin tsofaffin yadda ya faɗa, ban nemi ragi ba, kuma wannan ne karo na farko da na yi haka a rayuwata. Da kansa ya taya mu lodi. Na tambaye shi me zai yi da sauran, ya ce zai tambayi council, wato hukumar gari, inda ake zubar da roba.

Mun tsaya Small Heath muka yi azahar a wani masallaci da ke tsakanin gidajen nan masu manne da juna. Direbana ya sayi gasasshiyar kaza a shagon 'yan Somaliya, ni ban iya ci ba. A hanyar dawowa motar tana ta kwaramniya saboda babu nauyi, ruwa kuma ya tsuge daga Stoke har gida.

Mun iso Rusholme bayan la'asar. Maimakon in wuce gida sai na buɗe shago, na zare tawa wayar, na fara gwada kayan kantata, waɗanda nake sayarwa a nan ban taɓa gwada su haka ba. Ban kai faifai ashirin ba na daina, domin na ga amsar.

Abin da na koyo a wannan tafiya shi ne, muna ta zagin sabon shugaba a kan abin da aka riga aka yi mana tun zamanin wanda muke yabo. An daɗe da kwashe wasan daga cikin faifan, mu muna ta goge kwali muna jerawa. Mutumin Jos ya rufe shagonsa ranar Asabar. Tawa hayar saura wata goma sha huɗu, kuma na riga na gaya wa mai gidan kada ya sa rai da ni.