Tambayar da Na Yi wa Fasto a Mafara

Lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Talata Mafara, ni ma aka ba ni aji a wata firamare. Mu Kirista duk baƙi ne a garin. Wasu daga kudancin Zariya kamar mu, wasu daga Filato, wasu daga ƙasar Zuru, yawanci direbobi da kafintoci da leburorin kamfani. Majami'armu rumfar kwano ce a bayan gari, benci shida da tebur ɗaya. Ba mu da fasto. Sai bayan wata uku ko huɗu wani dattijon fasto yakan zo daga Gusau, ya ba mu Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da sai mai baftisma ke karɓa, ya koma. Sauran ranakun Lahadi mu ke gudanar da sujada da kanmu, kowa da abin da ya iya.

Waƙa kam ta mace ɗaya ce. 'Yar ƙasar Zuru ce, gajeruwa, matar wani direban katafila, ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa. Amma in ta tsaya a gaba ta rungume tulun kiɗanta ta ɗaga murya, har masu wucewa da jakuna sukan rage tafiya. Ita ke bayarwa, mu muna amsawa. Waƙoƙin da muke lalube a littafi, ita duk a kanta suke.

Ni ce sakatariyar zumuntar mata, don ni kaɗai ke da takardar malanta, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Wata Alhamis wajen koyon waƙa na kawo sabuwa daga garinmu. Na ɗauke ta can sama, muryata ta tsinke a tsakiya. Matar nan ta ce, "Malama, sauko ƙasa kaɗan mu ma mu same ki." Mata suka kwashe da dariya. Daga ji ɗaya ta karɓi waƙar ta rera ta yadda ya kamata. Ba da mugunta ta faɗa ba, tun a ranar na san haka. Na taya su dariya, amma na koma gida da abin a raina.

Akwai abin da kowa ya sani ba mai faɗa: ba a yi mata baftisma ba. Ita ce mace ta biyu a gidan mijinta. Ya aure su tun kafin su ji bishara, kuma ƙa'idar ikilisiyarmu ita ce ana yi wa uwargida baftisma, amma mijin da ta biyun sai in sun rabu. 'Ya'yanta uku. Ita da uwargidan kamar ya da ƙanwa suke, zane iri ɗaya suke ɗaurawa su zo sujada. In lokacin Jibi ya yi, takan fita ta tsaya a gindin dogonyaro, a gama ta dawo ta ba da waƙar rufewa. Fasto yana gani, bai taɓa tambaya ba.

Zuwansa na gaba, bayan sujada ya zauna da dattawa da shugabannin zumunta. Da ya ce ko akwai mai magana, na ɗaga hannu.

Na ce, "Baba Fasto, don neman sani nake tambaya. Wanda ba a yi wa baftisma ba, daidai ne ya tsaya a gaba yana bi da jama'a cikin sujada?"

Ban kama suna ba, ba a ma bukata. Fasto ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Malama, lalle kina son amsa?"

Ƙofa ce ya buɗe mini in fita. Na gan ta sarai, na ce e, ina so.

Wani dattijo kafinta ya ce, "Baba, shekara biyu ita ke riƙe mana waƙa. Yau ne muka san ba ta shiga ruwa ba?"

Fasto ya ce, "Tambaya ta riga ta fito a gaban dattawa, ba ni da ikon mayar da ita. Za ta iya waƙa cikin jama'a. Tsayawa a gaba kuwa, ƙa'ida ba ta yarda ba."

Lahadi ta zagayo, ta zauna a bencin ƙarshe, aka miƙa mini tulu. Na samu abin da nake so, ban kuwa ji daɗinsa ko na minti ɗaya ba. Muna jan waƙa kamar masu jan guga a rijiya mai zurfi. Ita tana amsawa a hankali, don kada muryarta ta danne tawa.

Tsohuwar da muke haya a gidanta, Musulma ce 'yar asalin Mafara, takan ji koyon waƙarmu daga ɗakinta, don gidan ba nisa da majami'ar. Ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Malama, ina wagga 'yar gajeruwa taku? Kwana biyu ban jiya muryatta ba. Mi as same ta?" Na ce lafiyarta lau, na shige ɗaki. Kishiyar mai waƙar ma, uwargidan, ta zo har gida, muka yi doguwar gaisuwa, ta ce, "Me ta yi miki?" Na ce ba ni na kafa ƙa'ida ba. Ta gyara mayafinta ta tafi.

Har yau ban san amsar tambayar nan tawa ba. Na ji fastoci masu ilimi suna cewa a'a, na ji wasu suna cewa Allah zuciya yake duba. Abin da na sani shi ne ba don Allah na yi ta ba.

Bayan wata biyu, ranar wata Asabar da rana ina tsince shinkafa, sai ga mai waƙar tamu da fallen takarda da ambulan. Ta ce in rubuta mata wasiƙa zuwa ga faston garinsu, cewa ta bar auren, tana so ta shiga ajin baftisma. Na tambaye ta yara fa. Ta ce a wurinsu 'ya'ya na uba ne, za su zauna da uwargida. Ƙaramin bai daɗe da yaye ba.

Na ce, "Ki dakata tukuna. Ba haka nake nufi ba."

Ta ce, "To me kike nufi, Malama?"

Babu fushi a fuskarta, da gaske take son ta sani. Da na buɗe baki na ce dariyar ranar Alhamis ce ta ci mini rai, wataƙila da ta yi tsaki ta koma ɗakinta. Kunya ta hana ni, malama guda, in faɗi ƙaramin abu irin wannan. Na ga ya fi mini sauƙi in ɗauki biro. Na rubuta, na karanta mata, ta ce in sa hannu a matsayin shaida, na sa. Ta ce, "Allah ya saka miki. Shekara biyu kowa ya yi shiru, ke kaɗai kika damu da raina." Na amsa da amin.

Ran kasuwa ta shiga mota ta tafi. Ban sake ganinta ba, ban kuma ji ko an yi mata baftismar ba.

Babbar 'yarta a ajina take, shekarunta takwas. Bayan kwana biyu da aka tashi hutun tara, sauran yara suka fita, ita ta tsaya a gefen teburina tana murza bakin rigarta.

Ta ce, "Malama, an ce ke kika rubuta wa Mama takarda. Kin rubuta ranar da za ta dawo?"

Na ce ban rubuta ba.