Ɗan Kunnen da Mabruka Ta Yar

A ƙauyukan da ke kewaye da Aljam, tsohon garin Rumawa, an fi sanin ƙeyar Munsif da fuskarsa, don kullum kansa a sunkuye yake. Manomin zaitun ne, amma in an yi ruwa gonarsa ba ta ganinsa. Sai ya bi gonakin mutane da 'yar sanda, yana tona duk abin da ya ƙyalla. Tun yana saurayi garmar ubansa ta tono wani jan dutsen zobe na Rumawa, bai fi ƙwayar wake ba, an sassaƙa doki a jiki. Daga ranar zama ya gagare shi.

Ya tara duwatsun wuya na gilashi, da tsinkayen tagulla na soke gashi, da 'yan fitilun yumɓu, ya cika akwati a ƙarƙashin gado. Ko ɗaya bai taɓa sayarwa ba. A wurin shan shayi abokai kan ce, "Zauna mana, Munsif, kujerar ba ta cizo!" Sai ya kurɓa a tsaye, idonsa na kan hadari.

Abin da ya fi so shi ne wani ɗan kunnen zinariya, wari ɗaya, mai siffar nonon inabi. Ranar bikin 'yarsu Salwa, matarsa Mabruka ta ɗauka ba da saninsa ba, ta zura a zare ta rataya. Ana tsakiyar rawa zaren ya tsinke.

Da baƙi suka watse ta ce, "Baban Salwa, ɗan kunnen nan naka ya faɗi."

"Shekaru aru-aru yana kwance lafiya," in ji shi, "ke yini guda ya gagare ki!"

Ya tankaɗe ƙasar tsakar gida da rariyar kuskus, ya bi maƙwabta yana roƙon su zazzage takalma. Babu. Ya rame, ko sallama da ƙyar yake amsawa.

Da aka sake yin ruwa ya ɗauki sandarsa, sai ga Mabruka a bayansa ta ɗaure kai.

"Ina zuwa?"

"Nemo maka wani, in huta da ganin wannan fuskar."

Ashe ta fi shi ido. Ran nan ta tsinci koren dutsen wuya a inda ya gama takawa, ta tsaya tana juya shi a tafin hannu har ta manta da tukunya a kan wuta. Ɗan kunnen dai bai dawo ba, ita kuwa ciwon tone-tonen ya kama ta.

Yanzu gwiwa ta zaunar da Munsif. In an yi ruwa Mabruka ce ke fita, shi yana bakin ƙofa yana kaɗa ƙafa, ya miƙe, ya koma, yana ƙwala mata kira ta duba gindin katangar can.

"To taso ka duba da kanka!" Ko waiwaye ba ta yi.