Tsarabar Osaka

Duk wanda ya taso a layin bayan tashar jirgin ƙasa ta garinmu ya ci awarar Hatakeyama Sumie, ya kuma ci tsarabar yayanta na birnin Osaka. Awarar ta kullum ce, tun asuba tururinta ke fita ta tagar shago. Tsarabar kuwa sau biyu take zuwa a shekara: da sabuwar shekara, da lokacin Obon da kowa ke dawowa gida ziyarar kaburburan iyaye. Sumie takan bi gida-gida da 'yan kwalayen alewar shinkafa, ta rusuna ta ce, "Yaya Kiyoharu ne ya aiko. Bana ma aiki bai bar shi ya zo ba." Mu karɓa mu yi godiya, mu ce ai haka aikin birni yake.

Kiyoharu bai taɓa taka Osaka ba. Alewar ma a wani babban kanti na birnin jiharmu take saye, ta cire takardar kantin ta sake naɗewa.

Yana saurayi yana aiki a injin yanka katako ciwon ya same shi. Ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji, barci ya ƙaurace masa, har wata safiya aka tsince shi a bakin kogi ba takalmi cikin dusar ƙanƙara. Mahaifinsu ya sa shi a motar kai awara ya nufi asibitin masu taɓin hankali da ke bayan dutse. Da ya dawo ya ce wa maƙwabta yaron ya samu aiki a Osaka. Tsoronsa kada a daina sayen abin da ya fito daga hannun gidan. Da tsohon ya rasu Sumie ta gaji shago, ta gaji tukunya, ta gaji ƙaryar. Tsarabar dai ita ta ƙirƙiro ta da kanta, don a wajenmu ɗan da ke birni bai zuwa kuma bai aike, sai an fara tambaya.

Kada a ce ta yar da shi. Duk wata, ranar da shago ke hutu, takan taka zuwa tashar bas ta unguwar gaba inda ba a san ta ba, ta hau, ta kai masa safa da lemo. Ta yi aure, ta haihu, mijin ya rasu, 'yar ta tafi nata gidan, bayanta ya fara ciwo, ba ta fasa ba. Likitoci sun daɗe da faɗa mata cewa magani ya karɓe shi, zaman asibitin ba na jinya ba ne kuma, na rashin wurin zuwa ne. Takan sunkuyar da kai ta ce za ta yi tunani. Ta fi shekara talatin tana wannan tunanin.

Sai muka yi sabon gwamna. Ni ban cika yarda da mutumin ba, don shi ne ya haɗe ƙaramin asibitin garinmu da na birni, yanzu mai ciwon haƙori ma sai ya sha tafiya a bas. Amma a kan masu ciwon ƙwaƙwalwa ya kafe a wuri ɗaya: ba za a ci gaba da ajiye mutum a gadon asibiti don kawai danginsa na jin kunya ba. Wanda ya samu sauƙi ya koma cikin mutane, jiha ta taimaka da wurin zama, nas ta riƙa bin sa har gida duk mako. Wasu suka ce tausayi ne, wasu suka ce kuɗin gado yake son ragewa. Mai yiwuwa duka biyun ne.

Wanda ya fi kowa kumfar baki shi ne Numakura, shugaban ƙungiyar unguwa, tsoho mai faɗan tsiya da gidansa ke kallon shagon Sumie. Kullum da safe yakan zo da kwanonsa.

"Kin ji gwamnanku, Sumie? Wai zai sako mana mutanen bayan dutse. Shi ya kai su layin gidansa mana."

"Ba ni na zaɓe shi ba, Baba. Guda nawa?"

"Biyu. Kar ki ba ni na gefe, jiya ya farfashe."

Ta tsamo masa biyu daga tsakiya ta sa a kwanonsa.

Da lokacin kaka ya shigo, wata nas mai suna Sawaguchi ta zaunar da su biyun a asibiti. Ta ce zaɓi biyu ne: gidan haɗaka a birni inda masu irin lalurarsa ke zama tare, ko ɗakin saman shago. Sumie ta yi caraf ta ce na birni ya fi, akwai masu kula, ga shi kusa da likita. Kiyoharu, wanda gashinsa ya yi fari tas a wurin nan, bai musa ba. Sai da aka tashi ya ce, "Sumie, har yanzu da zafinta kike sayarwa da safe? Nan kullum mai sanyi ake kawowa."

A bas ta yi kuka har direba ya riƙa leƙen ta ta madubi. Kunya ce ta kama ta, ba ta mutane ba wannan karon, ta kanta. Washegari ta hau sama ta fara fitar da buhunan waken suya daga ɗakin.

Sai dai ɗabi'a ba ta mutuwa rana ɗaya. Ya dawo farkon hunturu, ta zaunar da shi ta yi masa bita: a kamfanin ƙarfe ya yi aiki a Osaka, ya yi ritaya, bai yi aure ba.

"Ai na iya maganarsu," in ji shi. "Talabijin ɗin asibiti masu barkwancin Osaka yake ta nunawa."

"Yaya, ba wasa nake ba. Ka dai yi shiru, ni zan yi magana."

Sabon zuwa dole ya gaida gidaje uku na gaba da biyu na gefe, da ɗan tawul a naɗe. Suka fita, shi cikin kwat ɗin mijinta da ta yi masa yawa. A gidajen farko komai ya tafi yadda ta tsara. Ta yi ta zuba, aka tambaye shi zafin Osaka da tsadarta, ya gyaɗa kai. Amma ta lura duk ƙofar da suka bari sai ya ƙara shiga cikin kwat ɗin. Da ya rage gidan Numakura kaɗai, ya tsaya a tsakiyar titi.

"Ran Laraba motar nas za ta tsaya a ƙofarmu. Ita ma daga Osaka za mu ce?"

"Zan san abin da zan faɗa."

"Na sani, kin iya. Amma Sumie, in mutumin Osaka ne ya dawo, to ni har yanzu ina can bayan dutse."

Ya wuce gaba ya danna ƙararrawa. Numakura ya buɗe. Kiyoharu ya rusuna sosai, ya miƙa tawul da hannu biyu, hannun na ɗan karkarwa saboda magani.

"Ni ne Kiyoharu na gidan awara. Ban je Osaka ba, Baba. Ina asibitin bayan dutse tun lokacin. Na samu sauƙi, ina shan magani, nas za ta riƙa zuwa. Ina roƙon a yi haƙuri da ni."

Tsohon ya dube shi, ya dubi Sumie da ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ya karɓi tawul ɗin, ya ce, "To," ya ja ƙofarsa.

Kafin yamma labari ya gama layin. Washegari kwanon Numakura bai zo ba, haka jibi. Wasu mata biyu suka koma sayen ta kanti mai leda. Wasu kuma suka zo suka saya fiye da kullum, suna magana ƙasa-ƙasa kamar an yi rasuwa, abin da ya fi ƙona wa Sumie rai. Kiyoharu yakan zauna a bayan shago yana tsince waken suya, ba ya leƙowa. Ta fara tunanin ko ta kira Sawaguchi a nemo ɗakin birnin nan tun wuri.

Sai dusar ƙanƙara ta farko mai nauyi ta sauka. A layinmu akwai magudanar ruwa a ƙarƙashin titi, in an saki ruwa da safe kowane gida ya ba da mutum ɗaya a buɗe murafe a tura ƙanƙarar ciki. Sumie na ɗaure bayanta da ɗamara za ta fita, sai ga Numakura a ƙofa, ba kwano, shebur biyu a hannunsa. Bai ko dube ta ba.

"Ina yake? Shekara da shekaru gidan nan na ba mu mace mai ciwon baya, ashe da ƙato a ajiye. Kai, fito. Gwamnan nan dai har gobe ba zan zaɓe shi ba, kar ku ɗauka wani abu ne."

Kiyoharu ya fito ya karɓi shebur. Sumie ta tsaya a taga cikin tururi tana kallo. Bai iya ba. Yakan ɗebo da yawa ya toshe bakin magudanar, ruwa ya yi ambaliya ya jiƙa takalman mutane. Numakura ya hau shi da faɗa, irin faɗan da yake wa kowa a layin, daga mai gidan wanka har surukinsa. Muryarsa har cikin shago. Ta ajiye ludayi za ta fita ta shiga tsakani, sai ta ga yayanta ya farfasa ƙanƙarar ƙanana, ya sake gwadawa.

Da aka gama ya shigo jiƙe sharkaf, kunnuwansa jajir. Ta zubo masa awara mai zafi a kwano, tana nazarin fuskarsa.

"Me ya ce maka?"

"Ya ce ni rago ne. Wai jikarsa ta fi ni iya riƙe shebur."

"Rabu da shi, Yaya, haka yake. Zan yi masa magana."

"Kar ki soma." Ya riƙe kwanon da hannu biyu, sai ta ga dariya yake yi, idanunsa sun cika da ƙwalla. "A can ba mai yi mana faɗa, Sumie. Lallaɓa mu ake yi. Ya ce gobe in na makara sai ya zo ya tashe ni da kansa."