Turaren da Na Shafa a Farasan

Mahaifina maharbi ne, amma ni ban taɓa ganin ya harbi ko ƙadangare ba. Ya baro ƙauyensu a gabashin Kano yana saurayi, ya zo aikin hajji ta ƙasa, ya zauna. A Makka kuwa, cikin hurumin Harami, ko tattabara ba a yarda ka firgita ba, balle ka kashe. Sai ya zama mai tura keken gajiyayyu tsakanin Safa da Marwa, da ƙarfi ya ragu ya koma gadin wani gidan alhazai a unguwar Jarwal. Abin da ya rage masa na daji labari ne kawai, kuma mun sha shi har ya ginshe mu: yadda ake ɗaura kan burtu a goshi a yi rarrafe, yadda ake bambanta sawun jiya da na yau, sai kuma barewa, kullum barewa.

Ni a Jarwal aka haife ni, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakina. Aikina sayar da turare ne a wani shago a Misfala, daga safe har dare ina ɗiga wa alhazai udu da almiski a bayan hannu. Ina da son gayu, ba zan ɓoye ba. Jallabiyata fara ce kullum, kuma kafin a gan ni an ji ni.

Bayan an rushe layinmu mun koma haya a Rusaifa, sai idanun Baba suka fara ja da baya. Likita ya ce jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Gefe da gefe ya riga ya rufe. Baba ya ce yanzu yana ganin duniya kamar mai leƙe ta bakin kwalba, sai ya juya kai ya lalubo abu kafin ya gan shi.

A wannan shekarar ne wani abokin aikina, mutumin Jizan, ya ba ni labarin tsibirin Farasan da ke cikin Bahar Maliya. Ya ce akwai barewa a can suna yawo abinsu, ba keji ba shinge, kuma jirgin ruwan da ke kai mutane kyauta ne. Na kawo maganar muna cin abinci, don tsokana kawai. Baba ya tsame hannunsa daga kwano.

"Barewa ta daji? A ƙasar nan?"

"Haka aka ce mini, Baba."

"To ka kai ni tun ina da sauran ido."

Na samu hutun kwana huɗu da ƙyar. Baba ne ya tsara tafiyar, ba ni ba. Ya ce ba otal, ba motar haya ta mu kaɗai, jakar goyo ɗaya ta ishe mu: tabarma, bargo, buta, dabino, gurasa da dambun naman da yayata ta yi mana. Sannan ya kafa mini sharaɗi biyu. Ba fararen kaya. Ba turare, tun kwana uku kafin mu tashi, kuma a wanke tufafin da sabulun da ba shi da ƙanshi.

"Ka ɗauka ihrami za ka shiga," in ji shi. "Barewa da hanci take gani."

Na yi dariya na ce tayyib, wato na yarda, na kuma cika alkawari a kwanakin farko, ko da yake ji nake kamar na fita ba riga.

Bas ta ɗauke mu ta hanyar bakin teku, wuni guda muna tafiya, a kowane shinge mu fito da iƙama, katin izinin zama, a duba a miƙo mana. Jizan zafinta daban ne da na Makka, zafi ne mai ɗanko, riga ta manne maka a baya. Washegari da safe muka shiga jirgi. A tsakiyar ruwa wasu manyan kifaye da ake kira dolfin suka yi ta tsalle kusa da mu, yara suna ihu. Na ce, "Baba, ga su can." Kafin ya juyo da kai ya nemo wurin sun nutse. Sau uku ana haka. A nan na gane cewa abu sai ya tsaya cik na ɗan lokaci kafin ya shiga idonsa.

A tsibirin babu bas. Ka tsaya bakin titi ka ɗaga hannu, in mai a-kori-kura ya ga dama ya tsaya, ka haye baya tare da kwandunan kifi ko awaki. Haka muka yi ta yawo. Muka je inda itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri, muka tarar da wasu manyan tsuntsaye masu jaka a ƙarƙashin baki sun jeru a kan dutse. Su kam ba sa motsi, Baba ya same su da idonsa.

"Kwasakwasa ce," ya ce, yana murmushi. "Rabona da ita tun a fadamar garinmu."

Da la'asar wani dattijo masunci ya sauke mu a wani fili mai ƙayoyi da fararen duwatsu, inda ya ce nan barewa suke fitowa. Baba ya cire takalmi. Ya yi tafiya kaɗan yana duban ƙasa, sai ya durƙusa, ya bi wani ɗan rami da yatsa, ya tsinci wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi ya murtsuke ya shinshina.

"Na safiyar yau ne. Uku ne, ɗaya ƙarama. Ta nan suke bi su je wancan kwarin."

Na tsaya ina kallonsa. Shekara talatin na san shi yana cewa na'am ya sidi ga masu gida, yana kauce wa mutane a hanya. Ban taɓa jin ya yi magana da irin wannan muryar ba. Muka yi da masuncin zai kawo mu gobe bayan sallar asuba.

A hanyar komawa gari ne abin ya faru. Masuncin ya wuce ƙauyensu, mu kuma muka samu wata mota, aka matsa mana a kujerar baya kusa da wasu samari biyu 'yan yawon buɗe ido, sun sha fararen kaya. Kwana biyu ina cikin gumi da ƙarnin kifi. Na kusa da ni ya ja mayafin kansa ya rufe hanci, ya ce wa abokinsa da Larabci, a hankali amma yadda zan ji, wai dama takari haka suke. Takari shi ne sunan da ake kiran irinmu da shi, kuma na sha jin sa tun ina makaranta. Amma ba a taɓa haɗa mini shi da wari ba, ni da nake raba wa duniya ƙanshi. Raina ya ɓaci. Na dubi Baba, na ga fuskarsa tana waje, na ce alhamdu lillahi bai ji ba.

Mun kwana a harabar wani ƙaramin masallaci. Da asuba na yi wanka da buta, amma maganar yaron nan ba ta wanku ba. Ina neman asuwaki a aljihun jaka sai hannuna ya taɓa wata 'yar kwalbar udu, irin wadda muke ba masu saye su gwada. Ban sa ta da gangan ba, kuma ban mayar da ita ba. Na ce ɗigo ɗaya ne, wa zai ji? Na shafa a wuyan hannu da gemu. Wallahi a lokacin har wani sanyi na ji a raina, kamar na dawo mutum.

Masuncin ya sauke mu gari bai gama wayewa ba, ya ce zai dawo da hantsi. Baba ya ɗebi yashi ya sake shi a hankali don ya ga inda iska take kaɗawa, sannan ya zaɓa mana bayan wani dutse. Ya ce in na ga barewar kada in yi magana da ƙarfi, kada in nuna da hannu, in kama kansa in juya masa shi kawai.

Muka zauna. Ƙafata ta yi sanyi, sauro ya ci rabonsa, Baba kuwa ko gezau. Rana ta fara taɓa kan ƙayoyin. Sai ga ta, ta fito daga bayan wani kurmi, ba ta fi taku talatin da mu ba, ta sunkuya tana tsinkar ganye.

Na kama kan Baba da hannu biyu. Ina jin jijiyar gefen goshinsa tana bugawa. Na juya shi dama kaɗan, na raɗa masa, "Ƙasa, Baba, gindin ƙayar nan." Ya ce, "Na ga ƙayar." Saura ƙiris. A daidai nan na ji iska ta taɓa mini ƙeya. Barewar ta ɗaga kai, ta yi wani ɗan atishawa, shi ke nan. Abin da na gani farin bayanta ne yana tsalle tsakanin duwatsu.

"Ta tafi ko?" in ji Baba.

"Ta tafi. Iska ce ta juya."

"Iska ce," ya ce.

Mun zauna har masuncin ya dawo, ba abin da ya sake fitowa. A cikin mota Baba ya ce mu ƙara kwana ɗaya, gobe ya san inda zai zaunar da mu. Na ce ba zai yiwu ba, mai shago yana jirana, lokacin umra ne, kasuwa ta cika. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Da na buga waya na roƙa da an bar ni. Na gaji da wurin ne, na gaji da kaina, ina so in koma inda ba zan riƙa tuna abin da na yi ba.

"Za mu dawo bayan hajji, Baba, in sha Allahu."

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Allah Ya kai mu."

Allah Ya kai mu, amma idon bai kai ba. Kafin alhazai su gama watsewa bakin kwalbar nan ya rufe gaba ɗaya. Na ci gaba da zuwa shago, in dawo in zauna kusa da shi, ya gane ni tun daga ƙofa. Shekara biyu na riƙe maganar a cikina. Shi kuma ya daina ba da labarin barewa, abin da muka daɗe muna fata, sai ga shi shirun ya fi labarin nauyi.

Wata Juma'a bayan mun dawo daga Harami, ina cire masa takalmi, na faɗa masa. Na ce ba iska ba ce, ni ne, na shafa turare a safiyar nan.

"Na sani," ya ce. "Na ji shi tun kafin mu shiga mota. Na riga ta ji."

"To me ya hana ka magana, Baba? Da na wanke."

"Udu ba ya wankuwa da buta, kai ma ka sani. Kuma na ji abin da yaron nan ya faɗa maka. Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau. Na ce in na yi maka faɗa na ƙara maka a kan na jiya. Na yi zaton iska za ta rufa mana asiri."

Na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe tun a tsibirin. Sai ya gyara zama, ya juyo da fuskarsa wajena, na ga wani ɗoki a kanta wanda rabona da shi tun ranar da ya durƙusa a kan sawun nan.

"Amma kai ai ka gan ta. Tunda maganar ta fito, ba ni labarinta. Mace ce ko namiji? Ƙahon a miƙe yake ko ya lanƙwasa? Akwai baƙin zane a haƙarƙarinta irin na tamu ta gida?"

Na rufe ido na nemo ta. Ina tuna ƙayar, ina tuna zafin kan Baba a tafin hannuna, ina tuna warin udu a wuyan hannun nan dab da hancinsa. Barewar kuwa babu, sai farin bayanta. Na so in ƙirƙira masa ƙaho da zane, amma na san zai kama ni a tambaya ta biyu.

"Ban sani ba, Baba. Ban kalle ta sosai ba."

Ya laluba ya ɗauki carbinsa daga kan tabarma.

"To," ya ce, "mu biyu ke nan ba mu gan ta ba."