Kezia Mai Ba Fumfuna Sukari

Tun shekarar da aka sami 'yancin kai, duk mai son man gyaɗa na kirki a Jimeta ya san gidan Kezia. Doguwa ce 'yar Numan, masifaffiya ta gidan gaba, kuma abokiyar gabarta ɗaya ce tak: fumfuna. Da damina ta sauka, sai abin nan kore-kore ya hau gyaɗarta ya tsotse man, ya bar mata ɗaci da wari.

Wata rana sukari ya zube mata kusa da ƙullin gyaɗa, fumfuna ta taru a kansa. Kezia ta tafa hannu. "Ashe malalaciya ce! Man gyaɗa sai ta sha wahalar narka shi, zaƙi kuwa haɗiya kawai."

Da yaƙin basasa ya tashi, mijinta Zadok ya shiga soja. Ya jingina buhun irin gyaɗa a ɗaki ya ce, "Ki riƙe min, in na dawo zan shuka." A ranta, muddin buhun nan na nan lafiya, shi ma yana nan lafiya.

Sai ta shiga ba fumfuna toshiyar baki don kada ta taɓa buhun. Kullum safe ta ajiye mata ruwan sukari a faranti. Sukari ya yi wuya, ta koma shan shayi lami. Ta ba ta mazarƙwaila, ta ba ta zuma. Fumfuna ta yi ƙiba, ta ci bango, ta ci tabarma, har takalmin zuwa coci. Maƙwabciyarta Yelwa ta leƙo ta ce, "Adda Kezia, gadi kike ko kiwo?"

A damina ta uku zaƙi ya ƙare ƙaf. Kai, butulu bai yi ba! Rundunar da ta ciyar da hannunta ta juya kan buhun. Da Kezia ta ji warin, ta zauna daɓas ta yi kukan mutuwa.

Sai ga Zadok ya dawo, a rame amma da ƙafafunsa. Ta durƙusa, ta buɗe masa buhun, koriyar ƙura ta tashi. "Ka yafe ni, maigida. Gyaɗarka ce."

Ya daɗe yana kallon buhun. "Wace gyaɗa?" ya ce. "Ni dai haɗa min shayi, ki zuba sukari da yawa."